Kyanwa da Masu Yaɓen Hanjinta

Ga ta nan ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta.

A wani gari an yi wata Kyanwa mai tsaftar tsiya. Kullum tana cikin lasar jiki, ko ƙasa ta taka sai ta kakkaɓe ƙafa. Maƙwabciyarta Akuya nono take sayarwa, kuma ba ta wanke ƙwaryarta tas, takan bar ɗan ragowar na jiya don na yau ya kama. Kyanwa ba ta da abin gori sai wannan ƙwarya.

Wata rana cikin Kyanwa ya yi ƙugi, sai ta je wurin Dila boka. Dila ya kara kunne, ya ce wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne zaune a hanjinta, ido ba ya ganinsu. Ya ce lafiyarta lau, ta koma gida. Ina, Kyanwa ta rantse a jikinta ba za a yi ƙazanta ba. Dila kuwa ba ya mayar da mai neman magani, sai ya ba ta sassaƙe mai ɗaci.

Ta sha na farko, sai ta ji 'yar muryar halittun nan daga ciki: "Uwar gida, bangon hanjinki kullum zaizayewa yake. Akwai masu yaɓe shi, mu ke dafa musu abinci, mu ke ce musu nan ya isa, can da saura." Kyanwa ta ce wa ya gayyace su? Ta sha na biyu, muryar ta koma roƙo. Ta sha na uku, shiru. Sai ta zaga gari tana shelar ta tsarkaka ciki da waje.

Kwana uku ba mai dafa musu abinci, masu yaɓe suka ajiye aiki. Bango ya tsattsage. Gudawa ta sarƙe Kyanwa, ta rame, gashin da take taƙama da shi ya cukurkuɗe. Mai tsaftar gari ta koma tonon rami tana binne abin kunyarta. Tsoro ya kama ta, don ta ga mutuwa kusa.

Ta ja jiki wurin Dila. Ya ce shi kora ya iya, dawowa da su kuwa sai Akuya, don dangin waɗanda ta kora suna cikin ragowar ƙwaryar nan.

Kyanwa ta je kai a ƙasa. Akuya ta ce, "Sannu 'yar'uwa. Bari in wanke miki ƙwaryar tukuna, na san halinki."

"Kar ki wanke," in ji Kyanwa. "Don Allah kar ki wanke."

Ta lashe ta tas. Baƙi suka shiga, masu yaɓe suka ci suka kama aiki, Kyanwa ta miƙe. Shi ya sa har yau, duk tsaftarta, in kun bar ƙwaryar nono a buɗe za ku tarar da kanta a ciki. Kafin ku kori wanda ke zaune da ku, ku tambayi aikin da yake yi muku.

Ƙurunƙus, ku je ku rufe ƙwarya.