Yadda Mai Gishiri Ya Koma Mai Ciwon Ciki

A zamanin Turawa an yi wani ɗan kama a Jalingo, sunansa Hambali. Gwani ne, wannan ba musu, amma zargi ya cinye shi. Ko gaishe shi ka yi da fara'a sai ya tsaya yana tunanin me kake nema.

Wasa ɗaya ya gada daga mahaifinsa, ana ce wa wasan Mai Gishiri. Shi kaɗai yake tsayawa a tsakiyar kasuwa, ya zama falken da jakinsa ya kwanta a rafi a hanyar garin Mutum Biyu, gishiri ya narke kaf. Ya zagi jaki, ya lallashe shi, ya riƙe ciki ya yi kuka, mutane na faɗuwa don dariya. Da wannan wasa yake ci, da shi ake tuna ubansa. Da ya hango baƙuwar fuska a taro sai ya haɗiye rabin maganar, wai an zo sata.

Wata rana masu majigi suka zo gari, Bature mai ɗaukar hoto da Malam Jibrilla, wanda ke yi wa jama'a bayani da lasifika. Jibrilla ya ga wasan, ya bi Hambali har gida.

"Malam Hambali, muna so mu sa Mai Gishiri a majigi," in ji shi. "Amma bango ba kasuwa ba ne. Mu tafi rafi, mu samo jaki na gaske, a matso da fuskarka. Sai dai na'urarmu ba ta ɗaukar murya. Ka koya mini maganganun, in faɗe su da sunanka."

Hambali ya harare shi. "To! In zuba maka gadon ubana a baki, ka tafi da shi? Jaki kuma, don a ce shi ne gwanin?"

"Wallahi ba haka ba ne. In ba magana, Bature zai ɗora wa hoton abin da ya ga dama."

Da baƙon ya tafi, Furera matar Hambali ta ce, "Maigida, mutumin nan gaskiya ya faɗa maka. Ka tambayi waɗanda suka san shi mana."

"Ke ma ya saye ki ke nan?"

Abin ya yi wa Furera zafi.

Amma Hambali yana son a gan shi a bango. Sai ya ƙulla dabara. Ya yarda a ɗauki hotonsa, amma ya ƙi rafi, ya ƙi jaki, ya tsaya a bayan gidansa. Ya yi ta motsa baki ba kalma ko ɗaya, ya riƙe ciki, ya yi birgima. Jibrilla ya sake roƙonsa, ya ƙi. Ya shiga gida yana murna ya yi wa ɓarayi wayo.

Bayan damina motar majigi ta dawo. Ana idar da magariba gari ya taru. Sai ga Hambali a bango, ƙato, yana murƙususu. Lasifika ta ce, "Jama'a, ku dubi wanda ya sha ruwan kududdufi bai tafasa ba!" Ashe da Bature ya rasa labari, sai ya liƙa hoton a fim ɗin tsafta. Kai, ranar an yi dariya, amma ba irin wadda Hambali ya saba ba.

Ranar kasuwa ya fito ya fara Mai Gishiri. Yana kai hannu ciki sai wani mahauci ya yi ihu, "Hambali, tafasa ruwa!" Kasuwa ta ɗauka. Ya tafi Sunkani, can ma motar ta riga shi. Duk inda ya buɗe baki ba a bari ya kai ga jakin. Ya dawo gida ya zauna a zaure, hawaye na zuba, na gaske wannan karon.

"Furera," ya ce, "ba wanda ya sace wasan Baba. Ni na kashe shi."

Darasin da ke nan shi ne, yin hattara abu ne mai kyau, amma zargin kowa cuta ne. In aka zo maka da shawara, ka bincika kafin ka yanke hukunci. Wanda ya hana a ji maganarsa don tsoron sata, wata rana wani zai yi magana da bakinsa, kuma ba abin da yake so za a faɗa ba.