Man Kwakwar da Ya Ruɗi Hancin Ma Habsoh

An yi wani mutum a ɗaya daga cikin ƙauyukan nan namu na gaɓar tekun Phang Nga, inda gidaje ke tsaye bisa turaku a cikin ruwa. Ba zan faɗi sunansa ba. Yana nan da ransa, kuma abin da yake ɗauke da shi ya ishe shi. Mahaifiyarsa dai Nui take ce masa, wato ƙarami, har bayan ya ajiye 'ya'ya biyu.

Sana'arsa tuƙin kwalekwale mai inji, yana kai Turawa masu yawon buɗe ido su ga tsibirai. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayin giya ba. Yana sallah. Ku riƙe wannan, ya 'yan uwa, don kada wani ya gyara zama ya ce ai labarin lalatattu ake yi, ba da shi ake ba.

Mahaifiyar tasa, Ma Habsoh, ciwon suga ya tafi da idanunta tun da daɗewa. Amma Allah ya bar mata hanci. Ita ce ke haɗa daddawar jatan lande da babu kamarta a ƙauyen, kuma da hanci take gane ta nuna. Da hanci take sanin kifin jiya, da hanci take sanin hadari ya taso. Kowace yamma idan Nui ya dawo daga ruwa, sai ya durƙusa ya sumbaci hannunta, ita kuma ta jawo kansa ta shinshina, kamar yadda iyayenmu mata ke yi. Wannan shinshinar ita ce ganinta. Da ita take ganin ɗanta.

To, shekarar da gwamnati ta sakar wa tabar wiwi mara, kun ga abin da ya faru. Kanti ya ɓulla a kowace kwana ta bakin teku, da koren ganye a manne jikin gilashi. Nui ya fara da ɗanɗanawa a wurin jiran fasinja. Ba a ɗauki lokaci ba, wata yamma Ma Habsoh ta jawo kansa, sai ta tsaya cak.

“Nui, wannan ba warin man inji ba ne.”

Ya ce ai Turawan da ya ɗauko ne suke sha.

“Turawan ne suka shiga bakinka suka zauna?”

Ta yi kuka, shi ma ya yi. Ya rantse mata ya daina. A gabansa ta ɗaga hannu ta yi bakance: idan Allah ya raba ɗanta da wannan abu har shekara ta zagayo, za ta dafa shinkafa mai danƙo da kurkum, irin wadda muke yi ta godiya, ta soya kaza ta ɗora, ta kai masallaci da ƙafarta ranar Juma'a.

Ya daina ɗin, na wani ɗan lokaci. Ban zalunce shi ba, ya yi ƙoƙari.

Sai ga abokin aikinsa, Bang Sman, da wata 'yar na'ura mai batir da wani Bature ya bar masa. Ba ta ƙona ganyen, gasa shi kawai take yi, mutum ya zuƙi tururin.

Bang Sman ya ce, “Babu hayaƙi, babu wari. Ka zuƙa, ka faɗa ruwa ka yi iyo, ka tauna citta. Ko Ma ɗinka mai hancin kare ba za ta ji ba.”

Nui ya ce, “Bang, uwata ce fa.”

“Yabonta nake yi.”

Suka yi dariya. Ya karɓa.

Idan na'urar ta gama aikinta, takan bar ragowa, wani gari-gari mai ruwan ƙasa kamar dusar da ta ƙone. Bang Sman ya ce masa kada ya zubar, da sauran ƙarfi a ciki, Turawa ma ci suke yi. Shi kuwa Nui ɗan Ma Habsoh ne, a gidan da ko ƙwayar shinkafa ta faɗi sai an ɗauka. Sai tarbiyyar da aka yi masa don halal ya juya ta ga haram. Wai shi ba ya son almubazzaranci! Kun ji fa. Shaiɗan bai ce masa ka zama mugu ba, ce masa ya yi ka zama mai tattali.

Ya ɗanɗana ragowar nan. Ɗaci, ga bauri, ga ƙauri da ke maƙale wa mutum a maƙogwaro har washegari. Ya san idan ya shiga gida da wannan a bakinsa, ƙaryarsa ta ƙare. A nan mai hankali zai tsaya ya ce Allah ne ya sa mini shinge. Shi kuwa sai ya ce bari in gyara.

Ya 'yan uwa, mutumin da bai taɓa haƙurin ɗinke komar da ta yage ba, shi ne ya zama ƙwararren mai girki. Ya wanke dusar nan, ya sake wankewa, ya shanya a rufin kwalekwale. Ƙauri ya ragu, ɗaci bai tafi ba. Ya gwada da zuma, bai yi ba. Ya gwada da citta, ya ƙara muni. Ya yi ta fama a wata bukka cikin dajin bakin ruwa, zufa na zuba, sauro na cizo, yana juya tukunya kamar mai shirin biki. Da rabin wannan naci ya sa a karatun Alƙur'ani, da yanzu shi ke jan ku sallah. Daga ƙarshe ya dace da man kwakwa da ganyen toi, wannan da matanmu ke sa wa kayan zaƙi don ƙamshi. Ya tace, ya zuba a kwalba. Mai ya fito garau, yana tashin ƙamshi kamar kicin ranar salla.

Saura gwaji. Kuma a nan ne zuciyata ke ƙuna in na tuna. Wa zai gwada wa, in ba hancin da ya fi kowane hanci ba?

Ya kawo kwalbar gida, ya buɗe ta kusa da mahaifiyarsa kamar ba da gangan ba. Ta ɗago kai.

“Wa ya yi man nan? Rabona da irin wannan ƙamshi tun kakarka na da rai.”

Ya ce wata tsohuwa ce a tsibirin Ko Yao ta ba shi, na shafa wa kafaɗa ne in ta yi tsami. “Ba na ci ba ne, Ma.”

Ta yi dariya. “Ka ji yaro. Ni za ka gaya wa man ci da na shafawa?”

Ya rufe kwalbar, ransa fari ƙal. Ya ci jarrabawa. Ya ɓoye ta can saman kicin, bayan tulunan daddawa. Kullum da safe cokali guda a cikin kofi, da yamma ya durƙusa, ta shinshina kansa, ta ce, “Alhamdulillah, ɗana ya dawo mini.” Yana jin abin yana sukarsa, amma sai ya ce wa kansa, ai hankalinta ya kwanta, wa na cuta?

Wa ya cuta? Ku saurara.

Shekara ta zagayo. Ma Habsoh ba ta manta bakancenta ba, shi ne ya manta. Ba ta gaya masa ba, tana so ya idar da sallar Juma'a ya ji liman ya ambaci sunansa cikin addu'a. Da safe ya fita da fasinja, matarsa Noriyah ta yanka mata kaza ta gyara, sannan ta tafi rumfarta ta sayar da tsaraba. Tsohuwa ta rage ita kaɗai a kicin.

Ta ce abin da za a kai ɗakin Allah, sai da mafi kyau. Ta tuna man nan. Me zai ɓuya wa hancinta a kicin ɗinta? Ta lalubo shi bayan tuluna, ta shinshina, ta yi bisimilla, ta zuba. Ta soya kaza da shi, ta shafe shinkafar da shi don ta yi sheƙi. Wadda ba ta gani, da harshe take auna girki. Ta ɗanɗana, ta ƙara gishiri, ta ɗanɗana, ta ci ɗan ƙanzo, ta lashe cokali. Ta yi wanka, ta sa farin mayafinta, ta rungumi tire ta fito.

Gadar katakon da ta haɗa gidansu da masallaci, tun tana amarya take binta. Ta san kowane katako da tafin ƙafarta. Akwai wata kwana guda da ba ta da abin dafawa, ba ta taɓa kuskure ta ba. Amma ranar, tana cikin tafiya sai ta ji ƙafafun kamar ba nata ba. Ƙirjinta ya hau bugawa. Muryar ladan ta zo mata ta dama, ta koma ta hagu. Ba ta san ina gabas take ba. Ta kira sunan Allah, ta taka inda take zaton katako ne.

Ruwa ya janye a lokacin. Ta faɗa kan tsofaffin turaku da ke cikin taɓo. Masu tafiya masallaci ne suka ɗauko ta da karyayyen ƙugu, shinkafar rawaya ta watse a laka, ƙaguwa na ta ja.

Aka buga wa Nui waya. Ya biya gida ɗaukar mata kaya, sai ya ga kwalbarsa a gefen murhu, saura kaɗan a gindinta. Babu wanda ya gaya masa komai. Ya zauna a ƙasan kicin yana kallon kwalbar.

A asibitin birni ya same ta bayan abin ya sake ta. Yana tsammanin za ta yi kukan ciwo. Ba ciwon ne ya dame ta ba.

Ta ce, “Nui, bakancena bai isa masallaci ba. Allah ya mayar mini da shi a hanya. Me na yi masa? Ka taya ni tunani, ko na taɓa cin haƙƙin wani a awo ban sani ba.”

Kwana da kwanaki tana wannan magana. Tana istigfari, tana aika Noriyah ta roƙar mata gafarar maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar da ba ta yi laifin komai ba tana tuhumar kanta a gaban Ubangijinta, mai laifin yana zaune a gefen gado yana ɓare mata lemo. Har ranar da ya kasa jurewa. Ya durƙusa, ya faɗa mata duka: na'urar, dusar, bukkar, da ranar da ya buɗe kwalba kusa da ita.

Ba ta yi kuka ba. Ta miƙa hannu ta lalubo kansa, ta jawo, ta shinshina a hankali. Ta sake shi.

Ta ce, “Ba na jin komai. Da ido ya tafi, na gode wa Allah, na ce ya bar mini abin da zan ga ɗana da shi. Ashe shekara guda ba kai nake gani ba.”

Ya ce, “Ma, ki yafe mini.”

“Na yafe maka, Nui. Uwa ce ni.”

Ta yafe ɗin. Amma daga ranar, in ya durƙusa ya sumbaci hannunta, hannun nan yakan tsaya a inda yake. Ba ta ƙara jawo kansa ba. Abinci ma ya zame mata abin tsoro. A kawo mata kwano, ta shinshina, ta sake shinshinawa, ta ture. Ta ce, “Ta yaya zan sani?” Wadda ta rayu tana gaskata hancinta, yanzu ba ta yarda da shi ba. Ga karaya, ga suga, ga rashin ci. Ta yi ta ramewa. Kafin damina ta fita, aka sallace ta a masallacin da shinkafarta ba ta isa ba.

Maganar ta bazu, don ƙauye a kan ruwa ba ya riƙe asiri. Mutane suka fara lissafin abin da zai faru da a ce tiren nan ya isa, dattawa da yara sun ci. Noriyah ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidan iyayenta. Ya sayar da kwalekwalen ya bar garin. Yanzu yana wata tashar jiragen ruwa yana wanke wa mutane nasu. Wanda ya gan shi kwanan baya ya ce in mai kayan zaƙi ta wuce, ƙamshin toi ya bugi hancinsa, sai ya juya baya ya bar wurin.

Ya 'yan uwa, wane ne ya jefa Ma Habsoh daga gada? Ganyen? Ganyen nan da ƙaurinsa ya zo, da ɗacinsa, yana shelar kansa. Da an bar shi yadda yake, ko kusa da tukunyarta ba zai je ba. Gyaran ne ya kashe ta.

Allah cikin rahamarsa ya sanya wa saɓo wari. Ya sanya masa kunya, da ɗaci, da faɗuwar gaba. Waɗannan ba azaba ba ce, gargaɗi ne, domin mai yi ya farka, na kusa da shi kuma su tsira. An karantar da mu cewa zunubi shi ne abin da ke sukar ka a rai, kake ƙin mutane su gani. To idan ka sami kanka kana wahalar gyara wa zunubinka ƙamshi, ka sani ba tuba kake nema ba, wurin zama kake shirya masa. Kuma kada wani ya ce mini hukuma ta halatta, ko ya ce ai ragowa ce, ƙarfinta kaɗan ne. Abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Kowa ya duba bayan tulunansa. Wata kwalbar riba ce da aka sauya wa suna. Wata gulma ce da aka shafa wa man nasiha. Kana ganin kai kaɗai ka san inda take, alhali wanda ya fi yarda da kai shi zai fara sa hannu.

Wanda uwarsa ke raye, ya je yau ta shinshina kansa, kuma ya tabbata shi ɗin take shinshina. Nui zai ba da duk abin da ya rage masa don a jawo kansa sau ɗaya, amma hannun yana ƙarƙashin ƙasa.

Allah ya jiƙan Ma Habsoh, ya karɓi bakancenta da bai isa ba. Allah ya karɓi tuban ɗanta, ya sanyaya masa. Mu kuma kada ya bar mu mu ƙawata abin da ya muzanta. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye iyayenmu daga sharrin hannayenmu. Amin.