Gafiya Biyu a Rumbun Dagaci

Na rasa miji, na samu gonarsa, sai dagacinmu ya sa mata ido.

Ya ce, "Iya Tabawa, gafiyoyin gonarki, baƙa da ja, wacce ta fi tsawon rai? In kin kasa nuna mini, gona ta zama tawa."

Na kamo biyu, na juye su cikin rumbunsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, su zauna nan har ɗaya ta mutu, kada a ce na yi maguɗi."

Kwana tara, gyaɗarsa ta ƙare a cikin gafiyoyin. Ya zo da kansa. "Kwashe su, riƙe gonarki."

Dariya tana cina na ce, "Ai ba wadda ta mutu tukuna."

Ya taya da akuya don in kwashe su, na ce albarka. Sai da ya kai maraƙi na sallama.