Gugar Tarazo a Bushe

A shekarun da masana'antu ke ta tashi a Sharaɗa da Challawa, babu ɗan kwangilar da bai san Gwadabe mai tarazo ba. Tarazo shi ne daɓen siminti da ake cakuɗawa da tsakuwar dutse, idan ya kama a goge shi da inji har ya yi santsi yana ɗaukar ido. Gwadabe ya iya wannan aiki, ko maƙiyinsa ba ya musu. Sai dai ba ya iya jira, kuma ba ya son a ce wani ya fi shi sanin abin da ke hannunsa.

Ƙa'idar gugar tarazo ita ce a yi ta da ruwa. Ruwan yana kashe ƙurar kafin ta tashi, amma yana jawo taɓo, a yi ta shara da kwasa. A sababbin filayen kuma famfo bai kai ba, sai a zauna jiran tankar ruwa. Gwadabe ya ga zaman banza ne. Ya koma guga a bushe, musamman da ƙaramin injin hannu da ake bin lungu da matakala da shi. Aikinsa ya riƙa ƙarewa kafin na kowa, sunansa ya ƙara fita. Ɗakin da suke ciki kuwa yakan turnuƙe har mutum ba ya ganin na kusa da shi, su fito fari fat kamar ma'aikatan injin niƙa.

Ba wai bai san ƙura na da illa ba. Ya sani, amma a ganinsa yana da maganinta. A wancan zamanin masu walda da masu fenti na Bompai sun yarda cewa madara tana wanke ƙirji, Gwadabe kuma ya riƙe wannan da zuciya ɗaya. Kullum idan aka tashi aiki sai ya raba wa mutanensa madarar gwangwani, kowa ya huda tasa da ƙusa ya kafa kai. Yakan tsaya a kansu har sai ya ga sun shanye. Yana alfahari da hakan, don sauran masu tarazo ba sa ba wa mutanensu komai.

A cikin mutanen nasa akwai Alhassan, ƙanin matarsa Rakiya. Magidanci ne mai 'ya'ya, ya zo cin rani daga wani ƙauye a ƙasar Ringim ya zauna. Hannunsa ba ya rawa, saboda haka shi aka bar wa injin hannu, kullum yana durƙushe a lungu inda ƙurar ta fi kauri. Tsakaninsa da Gwadabe akwai wasan nan na miji da ƙanin mata.

Wata rana suna daɓen ofisoshin wata masaƙa a Challawa, injiniyan ginin ya leƙo, ya ja da baya yana tari. Ya ce a tsaya. Ya sa aka kawo musu abin rufe hanci da baki, ya ce kada a sake tada inji sai tanka ta zo. Gwadabe ya ce to, ranka ya daɗe. Motar injiniya na fita daga ƙofa ya juyo ya tarar Alhassan ya ɗaura nasa.

"A'a, wa ya shigo mana da jaki cikin gini?" in ji Gwadabe. "Ku zo ku ga takunkumi!"

Aka kwashe da dariya.

"Yaya, ai gara jaki mai numfashi," Alhassan ya ce ta cikin abin. "Wallahi kwanan nan idan na yi kaki, siminti nake tofarwa. Da na tara da na yi wa Yaya Rakiya daɓen tsakar gida."

"Kai dai ka ce ragwantar gidanku ce ta motsa. Mutumin nan a littafi ya karanta tarazo, ni a hannu na karanta shi. Shekara nawa ina yi, ka taɓa ganina a kwance? Cire ka kama inji, yau madararka biyu."

Alhassan ya dubi abokan aikinsa da ke ta murmushi, ya cire. Ba wanda ya sake ɗaura nasa.

Abin da Gwadabe bai lura da shi ba shi ne, shi yawanci a bakin ƙofa yake tsayawa yana ba da umarni. Wanda ke durƙushe a lungu daban.

Tarin Alhassan bai zo da ƙarfi ba. Ya fara ne kamar gyaran murya. Bayan damina biyu ko uku sai ya zama idan ya hau matakala dole ya tsaya a tsakiya, yana yi kamar yana duba aikin. Rakiya ce ta fara magana.

"Maigida, yaron nan fa ba shi da lafiya. Jiya da ya zo gaishe ni, sallama ma sai da ya raba ta biyu. Ka mayar da shi wajen kwaɓa mana."

"Wa zai riƙe mini injin? Sanyi ne ya kama shi. Zan ƙara masa madara."

Ya kuwa ƙara masa, da zuma a kai. Ya yi hakan ne da kyakkyawar niyya.

Da Alhassan ya fara ramewa aka ce tarin fuka ne, aka yi ta shan magani wata da watanni babu sauƙi. Daga ƙarshe Gwadabe ya kai shi babban asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Likitan, wani dattijo mai magana a hankali, ya ɗaga hoton wajen taga ya tambayi sana'arsa. Da aka gaya masa sai ya sauke hoton.

"Garin dutse ne ya zauna a huhunsa," ya ce. "Inda ya zauna ya yi tabo, tabon kuma ba ya numfashi."

"To a wanke masa mana, likita," in ji Gwadabe. "Don dai madara, ba ranar da bai sha ba. Ni da kaina nake tsayawa."

Likitan ya dube shi, ba da raini ba.

"Malam, madara ciki take tafiya, ƙura kuma huhu. Hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ko tulu ya sha, ɗigo ɗaya ba zai je inda ƙurar take ba. Abin da ya shiga ya shiga, ba mu da abin fitar da shi. Da ruwa kuka sa wa dutsen, da bai tashi ba. Kai ma ina jin numfashinka daga nan, ya kamata a ɗauki naka."

Gwadabe bai yarda an ɗauka ba. Ya riƙo Alhassan suka fito.

Daga ranar bai sake tada inji a bushe ba. Yakan zauna jiran tanka ko da za a wuni, wanda ya cire abin hancinsa kuma ya kore shi. Mutane suka ce Gwadabe ya tsufa, ya yi sanyi. Alhassan kuwa ya koma ƙauye, amma ko kunya ɗaya ba ya iya nomewa.

Gwadabe ya je duba shi bayan girbi. Ya same shi a jingine da bango, don kwanciya ta gagare shi. Suka gaisa. Gwadabe ya zauna kusa da shi ya ce, "Alhassan, ka yafe mini."

Alhassan ya yi dariyar da ta zama tari. Da ta lafa ya ce, "Yau kuma Yaya ne da neman gafara? Lallai na kusa." Ya huta. "Na yafe. Ni ma ai da hannuna na cire. Dariyar mutane na ji wa tsoro." Ya sake hutawa. "Ka dai duba mini yaran nan."

Bai kai wata damina ba. Ranar jana'iza, da aka idar da salla, Gwadabe ya riga kowa sa kafaɗa a ƙarƙashin makara. Ya ƙudurta a ransa shi zai kai shi har bakin kabari, ba zai karɓi canji ba. Maƙabartar ba ta da nisa, ana hango ta daga masallaci. Ba su wuce gidajen ƙarshe ba ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, iska na shiga ba ta isa. Ya cije ya ƙara 'yan taku. Wani mutumin ƙauyen ya dafa shi ya ce, "Kawo, Malam, kada ka faɗi da shi." Gwadabe ya saki. Ya tsuguna a gefen hanya yana haki, yana kallon makarar tana nisa a kafaɗun wasu.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abin da ya shiga huhu ba ya fita, don haka tun kafin ya shiga ake tare shi. Mai gugar dutse ko yankan siminti ya sa ruwa, ya buɗe tagogi, ya rufe hancinsa da bakinsa, ko da za a yi masa dariya. Wanda aka ba wa shugabancin ma'aikata kuma ya sani numfashinsu amana ne a hannunsa. Kada gaggawa ko girman kai su sa ya fifita abin da ya saba ji a kan abin da masu sani suka gaya masa. Gwadabe ba mugu ba ne, yana son mutanensa. Amma so bai hana ƙurar shiga ba.