Rijiyar Mai Dungulmi

A can kudancin ƙasar Indiya, tun zamanin da damisa ta fi mutum yawa a dajin Ilanga, an yi wani maharbi mai suna Sengodan. Baƙi ne, dogo, marar yawan magana. 'Yan'uwansa maharba suna yi masa kirari da Sengodan na Mayili, kibiya ɗaya nama ɗaya, mai jin tafiyar kunama a kan dutse. Mayili matarsa ce, ita take jeme fatun da yake kawowa, ita ta ɗinka masa salkar da yake rataya ruwa a ciki.

Bayan dajin akwai Dutsen Sendira, a kansa kuma akwai ɗakin bautar Bishnu, wanda mutanen ƙasar suka ɗauka shi ne mai kiyaye duniya. Kowace shekara masu ziyara sukan keta dajin ba takalmi, suna waƙa, don su hau dutsen su ga fuskar gunkin. Sengodan yakan laɓe a duhuwa ya kalle su, abin yana cin ransa. Ba shi da wani buri da ya wuce ya ga wannan fuskar ko sau ɗaya. Amma a dokarsu maharbi najasa ne, mai zubar da jini ne, mai taɓa fata. Ko inuwarsa ta faɗa wa mai ziyara sai ya yi wanka.

Wata shekara aka yi fari, rafuffuka suka ƙafe. Sengodan yana yawo ya ci karo da wani gadu fari fat, irin wanda bai taɓa gani ba. Ya ɗana kibiya, gadun ya juyo ya dube shi, sai ya sauke bakansa. A imaninsu, Bishnu ya taɓa zuwa duniya da siffar gadu. Dabbar ta sa haure ta tone gindin wani dutse, ruwa ya ɓulɓulo, ta shige daji ba a sake ganinta ba. Sengodan ya sha, ya cika salka.

A hanyarsa ta komawa ya iske ayarin masu ziyara a zube ƙarƙashin busassun itatuwa, leɓɓansu sun tsage, wasu har sun daina motsi. A tsakiyarsu akwai Sundaramma, mahaifiyar Sarki Biramalla, tsohuwar da ta yi alwashin zuwa dutsen da ƙafarta. Mai jagorancinsu shi ne Kesabaya, babban limamin ɗakin bautar.

Sengodan ya tsaya nesa, ya ɗaga salkar. "Ranku ya daɗe, ga ruwa."

Kesabaya ya ɗago da ƙyar. Maƙogwaronsa ya bushe, amma bakinsa bai mutu ba. "Ruwa a cikin fatar mushe, daga hannun maharbi? Matsa can, inuwarka tana kusa da mu."

Tsohuwa ba ta bi ta kansa ba. Ta rarrafo, ta haɗa tafuka, ta ce, "Zuba mini, ɗana." Ya zuba, ta sha har tana shaƙewa. Da sauran suka gani, su ma suka rarrafo. Shi kansa limamin ya sha a ƙarshe, ya juya baya don kada a ga fuskarsa. Sundaramma ta tambayi maharbin abin da yake so, ya sunkuyar da kai ya faɗa mata burinsa na ganin fuskar gunkin Bishnu. Ta ce, "Muddin ina raye, za ka ga fuskarsa." Ya koma gida yana dariya shi kaɗai kamar wanda ya zautu, har Mayili ta tsorata.

Labari ya riga ayarin isa birni, kuma ba labarin ceto aka yi ta yaɗawa ba. Cewa ake yi uwar Sarki ta durƙusa gaban maharbi ta sha daga fata, ziyararta ta ɓaci. Sarki Biramalla mutum ne da ya fi tsoron bakin jama'a a kan komai. Ya kira Kesabaya ya nemi mafita. Limamin ya ce ruwan ba shi da laifi tunda na Bishnu ne, uwar Sarki ma ba ta da laifi tunda ƙishirwa ta gusar mata da hankali. Laifin na hannun da ya zuba ne. Bai ambaci cewa shi ma ya sha ba, kuma babu wanda ya tuna masa.

Aka aika wa Sengodan da fararen tufafi, aka ce ya nuna wurin ruwan ya haƙa rijiya, in ya gama za a kai shi kan dutse. Ya haƙa da murna, shi da 'yan'uwansa, suka ɗaure bakinta da duwatsu. Ranar da aka gama, Sarki ya zo da jama'arsa, uwarsa tana cikin wata rumfa mai labule. Sengodan ya yi wanka, ya sa fararen tufafin, ya durƙusa. Dogarai suka kama shi, suka ɗora hannuwansa a kan dutsen bakin rijiyar.

Ya dubi rumfar. "Ranki ya daɗe, ni ne. Ni ne mai salka."

Labulen ya motsa kaɗan, ya koma ya tsaya. Gatari ya sauka a kan hannun dama, ya sauka a kan na hagu. Aka kwashe hannuwan aka jefa wa ungulu, aka wanke dutsen da madara, limamin ya ce yanzu rijiya ta tsarkaka. Mayili ce ta ƙone masa raunukan da wuta don jinin ya tsaya, ta goya shi zuwa bukka. Ba ta yi kuka ba, sai dai tun daga ranar ba a ƙara jin ta yi waƙa ba.

Aka zura tulun tagulla mai tsarki a rijiyar, ya fito da busasshen yashi. Aka zura na azurfa, haka. In an leƙa ana ganin ruwa yana ƙyalli a ƙasa, in an zura tulu sai ya janye. Masu ziyara suka riƙa zuwa da sa rai, suna mutuwa a bakin rijiyar, gawarsu tana kallon ruwa. Sundaramma ma ta rasu a shekarar, ba ta ƙara ambaton maharbi ba.

Sengodan yana jin nishinsu daga bukkarsa. Wata rana ya ce wa matarsa ta ɗauko salkar.

Mayili ta ce, "Maigida, su fa suka yi maka wannan. Bar su su ji yadda take."

Ya ce, "Waɗanda suka yi suna gida suna shan ruwan sanyi. Ɗauko."

Ta ɗaure salkar da igiya, ta naɗa igiyar a dungulminsa, ya zura. Ruwa ya taso ya cika ta. Ya matse ta tsakanin dungulman biyu, ya karkata, mutane suka durƙusa suka haɗa tafuka.

Kada a zaci kunya ta kama Kesabaya. Nan take ya shelanta cewa Bishnu ya karɓi hukuncin da aka yanke, tunda ga shi yanzu ruwan yana fitowa ba tare da hannun maharbi ya taɓa shi ba. Sarki ya ji daɗin wannan bayani, ya naɗa Sengodan mai tsaron rijiya shi da zuriyarsa, ya ce ya roƙi abin da yake so. Ya roƙi abin nan guda. Aka ce masa mai naƙasa ba ya shiga ɗakin bauta.

Ya tsufa a bakin rijiyar. Duk wanda ya sauko daga dutsen sai ya tare shi ya tambaye shi yadda fuskar take. Wani ya ce tana murmushi, wani ya ce cunkoso bai bar shi ya gani da kyau ba. Da wannan ya mutu.

Masu ba da labarin sun ce garin da ya kafu a wurin har yau ana kiransa Rijiyar Mai Dungulmi. Duk mai hawa Dutsen Sendira, talaka ko basarake ko liman, sai ya durƙusa ya sha daga salkar fata. Jikokin Sengodan ne suke zubawa, sukan naɗe hannuwansu da farin ƙyalle su riƙe salkar da wuyan hannu, kamar yadda kakansu ya yi. In mai ziyara ya sha, sai ya tashi ya hau ya ga fuskar. Su kuwa masu zuba ruwan, har yanzu ba a bar ko ɗayansu ya taka matakalar farko ba.