Sunan Hamma da Muttaka Ya Goge

Akwai wani matashi ɗan Madawa, Muttaka, wanda har yau in aka yi fito kusa da shi sai ka ga ya daskare. Jama'ar wannan shafi, ku ba ni hankalinku in gaya muku dalili, don ni kaina labarin nan ya hana ni sakat.

Muttaka ya karanta kimiyyar fizik a jami'a a Yamai. A can ya haɗu da Hamma, ɗan makiyaya daga karkarar Ibohamane, mutum mai sanyin magana, mai jin Hausa da Fillanci. Da suka gama, sai suka shiga wani horo da ake yi wa matasan masu bincike ta intanet.

Fannin nasu, in ba a yi maka bayani ba sai ka ce tatsuniya ce. Can nesa a sararin samaniya akwai manyan taurarin da suka mutu suka dunƙule, ko haske ba ya kuɓuce musu. Masana na ce musu baƙaƙen ramuka. In biyu suka yi karo suka haɗe, sararin kansa sai ya girgiza. Girgizar ta kamo hanya, ta yi shekara miliyan dubu tana tafe kafin ta iso duniyarmu. Akwai manyan na'urori a Amurka da Italiya da ke dakonta, kuma abin da suka kama ana sakinsa ga kowa, har ɗan Madawa mai tsohuwar kwamfuta.

In aka mai da girgizar sauti, gajeruwa ce ƙwarai. Ta faro ƙasa-ƙasa, ta haura da sauri, ta yanke ɗif. Ranar da Hamma ya fara jin ta, dariya ya yi har da riƙe ciki.

"Wanga ai fitona na! Haka nika kiran shanunmu."

Ya tattara leɓe ya yi fiton, ya fito daidai da na na'urar. Tun daga ranar, in ya kira Muttaka a waya, bayan sallama sai fito.

Matsalar ita ce na'urorin suna kama ƙarar banza da yawa, ta iska da ta motsin ƙasa, wata har ta yi kama da ta gaske. Abokan biyu suka ɗauki aikin rubuta wata ƙaramar manhaja mai tace ƙarar banzan nan. Hamma ke da kunne da haƙuri. Muttaka ke da baki, ga Ingilishi, ga rezon intanet mai kyau.

Ana cikin haka mahaifin Hamma ya rasu, dole ya koma ruga ya riƙe shanu da mahaifiyarsa. Bai bar aikin ba. Yana rubutu a inuwar bukka da ƙaramin faranti mai ɗaukar hasken rana, in ya tara sai ya hau moto zuwa Keita ya aika, don rezon garinsu ba ya ɗaukar kaya mai nauyi. Muttaka kuwa shi ke shiga taron rukuninsu na kowane mako, inda shugabarsu, wata malama a Turai, ke sauraron ci gaban kowa. Da farko yana cewa "mun yi". A hankali, ba tare da kowa ya lura ba, ya koma "na yi".

Wata rana Hamma ya ce masa a waya, "Kai ɗan birni, ko kaza ba ka da. Na ware maka karsana, habbanaye."

Habbanaye al'adar Fulani ce, ka ba abokinka saniya ya riƙe, abin da ta haifa nasa ne.

Muttaka ya ƙyalƙyace. "In ɗaure ta ina? Ga ƙahwar tebur?"

"Tana nan tana jiranka," in ji Hamma.

Da damina ta yi tsakiya, shugabar ta sanar cewa an samu gurbin karatun dokta a can Turai guda ɗaya tak, kuma mai so ya miƙa aikinsa kafin Juma'a. Kashin ƙarshe na manhajar yana hannun Hamma. Muttaka ya kira shi ranar Laraba da hantsi.

"Hamma, ka aiko yau."

"Hadari ya haɗo, aboki. Jiya ma kori ya cika, moto ba ta ƙetara ba."

"Don Allah! Shekara biyu muna wahala, ruwa za ya hana mu?"

Hamma ya ce, "To, ga ni nan tahe."

Ya isa Keita, ya aika da la'asar. A hanyar komawa ruwan da aka yi kan duwatsu ya gangaro ya cika kori, wato rafin da ke ƙafewa da rani, ya tafi da shi da moton. Washegari aka tsince shi can ƙasa, cikin itatuwa.

Kada ku ce Muttaka bai yi kuka ba. Ya yi, kuka mai yawa. Amma bai je ta'aziyya ba. Ya ce hanya ta lalace, alhali ya san idon mahaifiyar Hamma ne ba zai iya kalla ba.

Ranar Juma'a da safe ya buɗe takardar aikin. Sunaye biyu ne a sama, na Hamma a gaba. Gurbi ɗaya ne, kuma ana son aikin da mutum ya jagoranta da kansa. Zuciya ta ce masa, mamaci me zai yi da suna? Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya danna ya goge. Ya goge shi a kan manhajar ma. A cikinta akwai wasu layuka na bayani da Hamma ya riƙa sakawa da Fillanci, irin waɗanda kwamfuta ke tsallakewa. Muttaka ba ya jin Fillanci. Ya kai hannu zai share su, hannun ya ƙi. Ya ce wa kansa, ai ba mai karanta su a can.

Ya samu gurbin. An yi masa barka har gida.

Daga nan fiton ya fara. Duk lokacin da ya kunna sautin taurarin nan don aiki, Hamma yake ji. Ya daina kunnawa, ya koma duba zane kawai. Sai ya fara jinsa ba tare da na'ura ba, a tasha, a kasuwa, a ƙofar masallaci bayan azahar, rana tsaka. Ya waiga, ba kowa. Ya rame, mahaifiyarsa ta ce karatu ne ya yi masa yawa.

Sharaɗin gurbin shi ne kafin ya tafi sai ya horar da wasu, yadda aka horar da shi. Ya so a yi a Madawa, amma ɗakin taro mai wuta da aka samu a Keita yake. Haka nan ya shirya ya tafi, ƙarshen rani, kwana biyar, mutum goma sha biyu, malaman lise, wato sakandare, da ɗaliban jami'a.

Ranar farko ya rubuta "haɗin kai" a allo da manyan baƙaƙe. Ya ce musu a wannan fanni mutum ɗaya ba ya gano komai. Takarda guda takan ɗauki sunaye sama da dubu, kuma ko wanda ya rasu kafin ta fito ana sa sunansa, da ƴar alama a gefe. Ya faɗi wannan da bakinsa, jama'a! Sai da ya kurɓi ruwa sau biyu kafin ya ƙarasa jimlar.

Rana ta uku ya haska manhajar a bango don su bi ta layi-layi. Cikin masu koyon akwai Naja'atu, malamar fizik a wani lise na Buza, mace mai tambayar tsiya, wadda mahaifiyarta Bafillata ce. Ta ɗaga hannu, ta kira shi da mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci.

"Mushe, wa yar rubuta Hillancin ga?"

Muttaka ya yi saurin tare ta. "Ba shi da amfani, malama. Mu wuce."

"A'a, ina ji. Bari in karanta muna, ƙila bayani na."

Muttaka ya matsa gefe. Wata tara yana tsoron layukan nan. A ransa ya gama yanke cewa ƙorafi ne, cewa Hamma ya lura da "na yi" ɗin nan ya rubuta. Naja'atu ta matso kusa da bango tana karantawa tana mayarwa da Hausa.

"Nan ya ce: wagga dabara ta Muttaka ta, ya hwaɗe ta tashar Madawa muna jiran mota, kada a mance." Ta sauka ƙasa. "Nan kuma: na yi kure, Muttaka yag gyara." Ta ƙara sauka. Wuri bakwai ta tsaya, kowanne da sunan Muttaka. Ko ƙaramar shawarar da shi kansa ya manta ya bayar, Hamma ya rubuta ta.

Layi na ƙarshe yana da kwanan wata, ranar Laraba ɗin nan.

"Hadari ya taso, amma Muttaka na jira. Abin da yar rage shi za ya ƙarasa, ya hi ni iya magana da mutane. Aikin mu biyu na."

Naja'atu ta juyo. "Mushe, wane na wanga mutum? Ban ga sunanshi bisa takarda ba."

A waje wani makiyayi na wucewa da shanu zuwa rijiya, ya yi musu fito. Muttaka ya zame ya zauna a ƙasa, gaban ɗalibansa.

"Hamma na sunanshi," ya ce. "Shi yay yi mahi yawan aikin ga. Ni na matsa mai ya taho garin nan cikin hadari, ruwa ya ci shi. Sannan na goge sunanshi."

Ba wanda ya zage shi. Wallahi da zagin aka yi da ya fi masa sauƙi. Naja'atu ta ɗauko kwamfutar ta ajiye a gabansa.

"To ka maida shi, muna kallo."

A nan gabansu ya mayar da sunan, kuma ya rubuta wa shugabar komai, bai rage ba. Amsa ta zo washegari. An janye gurbin, za a ba wata ɗaliba. Za a gyara takardar. In yana so ya ci gaba da zama cikin rukunin a matsayin mai koyo, ƙofa a buɗe take, amma amana sai ya sake gina ta. Ya karanta wa ajin saƙon, sannan suka ƙarasa horon.

Da aka tashi ya ɗauki ɗan kabu-kabu zuwa Ibohamane. A bakin korin ya ce a tsaya. Ba ɗigon ruwa, rairayi ne fari fat. Ya sauka ya ƙetare da ƙafa.

Ya iske mahaifiyar Hamma, Inna Fatsima, tana wanke ƙwarya a ƙofar bukka. Ya yi sallama ya durƙusa. Ta dube shi da kyau.

"Kai na Muttaka?"

"Ni na, Inna."

"Ka daɗe bisa hanya, ɗana."

Ya yi mata ta'aziyyar da ya kamata ya yi wata tara baya. Sannan ya gaya mata abin da ya aikata, kansa a ƙasa. Ya fito da takardar da aka gyara, ya nuna mata sunan Hamma a gaba, da ƴar alamar a gefe. Ba ta karatun boko. Ta ɗora yatsa a kan sunan, ta bar shi nan.

"Ka maida?"

"Na maida, Inna."

"To. Taso."

Ta kai shi bayan bukka. Garken da Hamma ke ba shi labari ya ragu, bai fi shanu biyar ba, duk haƙarƙari a waje. A gefe guda akwai wata jar saniya ɗaure, da ɗan maraƙi yana tsotso.

"Ranin bana ya yi muna tsanani," in ji ta. "Mun sai da na saidawa. Dillalai sun zo har sau ukku kan wagga, ita ta hi kyau. Na ce musu ba tawa ta ba. Hamma ya ce ta abokinshi ta. Abin da anka ce na wani na, ba a taɓa shi don mai shi bai nan."

Ta kwance igiyar maraƙin ta sa masa a hannu.

Tsohuwar da ba ta taɓa ganinsa ba ta riƙe masa saniya cikin yunwa. Shi kuwa, da digirinsa da Ingilishinsa, suna guda ya kasa riƙe wa ɗanta. Ya tsaya da igiya a hannu yana kuka kamar ranar aka yi rasuwar.

Kafin ya tafi ta ce tana son jin abin da ɗanta ke saurare dare da rana. Ya kunna mata a waya. Sautin ya faro ƙasa-ƙasa, ya haura, ya yanke. Jar saniyar ta ɗago kai ta dubi hanya.

Muttaka yana nan Madawa yana koyarwa, yana sake neman gurbi. Fiton bai bar shi ba. Amma yanzu in ya ji, yakan tsaya ya yi wa Hamma addu'a.

Darasi: Kada ka ci haƙƙin abokin aikinka don ba ya nan, ko don bakinsa ya rufe. Ilimin da aka haɗu aka gina, a ambaci kowa da ya sa hannu, mai rai da mamaci. Abin da ka binne yau yana tafe, ko zai daɗe a hanya. In akwai sunan da ka goge a wani wuri, ka mayar da shi tun kana da iko. Ku tura wa ɗalibai da malamai da duk masu aiki tare, Allah ya sa mu zama masu riƙon amana.