Wadda Ta Fi Kowa Makara a Ofis

Akwai wata ma'aikaciyar gwamnati mai kula da fayiloli, abokan aikinta na kiranta Malama Agogo. Shekararta tara a mataki ɗaya. Albashinta kuwa mai ladabi ne: yakan shigo ya gaida mutanen gida, kafin sati biyu ya yi sallama.

A bakin ƙofar ofishinsu akwai littafin sa hannu. Ko ƙarfe goma mutum ya zo, takwas yake rubutawa. Mutum talatin, kullum takwas daidai. Ita kaɗai ke duba agogo ta rubuta abin da ta gani, takwas da kwata ko da minti ashirin, don sai ta kai yara makaranta.

"Malama, wa zai ba ki lambar yabo?" in ji babban akawu. "Wannan albashin, takwas ɗin biro ma ta yi masa yawa."

"Yallaɓai, hannuna ne ba ya iyawa."

Ana gab da ƙarin girma aka kawo sabuwar darakta. Ta buɗe littafin, ta ga mutum ɗaya ce tak ke makara. Aka ba Malama takardar tuhuma, aka cire sunanta daga jerin masu samun ƙarin girma.

Ta koma gida da takardar. Mijinta ya ce, "Maman yara, ki rubuta takwas ɗin mana. Biro ba ya kai ƙara."

"Sai dai su kore ni."

Amma daraktar ta daɗe a aikin gwamnati, kuma ba ta taɓa ganin mutum talatin da mota ba ta taɓa mutu musu a hanya ba. Ran Litinin ta ja kujera ta zauna kusa da littafin tun bakwai da rabi.

Takwas ta yi, ba mai motsi sai fanka. Da kwata Malama ta shigo tana haki, ta gaishe ta, ta rubuta takwas da kwata.

Goma da rabi babban akawu ya iso, waya a kunne. Bai ɗago kai ba ya zuba takwas ɗinsa.

"Malam, ƙarfe nawa?"

Ya ɗago. "Ranki ya daɗe... agogon nawa ne ke ɗan baya."

"Da awa biyu da rabi? Allah ya ba shi lafiya."

A ranar aka yaga takardar tuhuma. Ƙarshen wata Malama ta sami ƙarin girma da ofis nata na kanta. Ta shiga gida tana ɗaga takardar, yara na tsalle ba su ma san dalili ba.

Sauran kuwa suka koma zuwa kafin takwas. A nan aka gano kujera ashirin ce kawai a ofishin. Shekara da shekaru ba wanda ya lura.

Darasi: Gaskiya kan sa ka zama kamar kai kaɗai ne mai laifi, amma ba ta daɗewa a haka. Ƙarancin albashi abin kuka ne, ba lasisin ƙarya ba. Ku tura wa abokan aikinku, musamman waɗanda ba su iso ba tukuna.